Daga Ɗibbul Aini Zuwa Tabarau Mai Allo: Tarihin Bin Sawun Idon Ɗan Adam

Gabatarwa

Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, a cikin fuskar kuwa babu mai tona asiri kamar ido. Yaro yakan gane fushin mahaifiyarsa daga harara tun ba ta buɗe baki ba, ɗan kasuwa kuma yakan san hajar da ta shiga ran mai saye daga inda idonsa ya daɗe. Wannan karatun ido tsohon ilimi ne da ba a shiga makaranta dominsa. Sabon abu shi ne an ƙera na'urar da ta iya shi, aka kuma dasa ta cikin wani irin tabarau mai allo da ake ɗaurawa a ka, wanda yake nuna wa mai shi hoto, a lokaci guda kuma yana lura da duk inda idonsa ya sauka.

Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda ɗan Adam ya koyi bin sawun idonsa, daga malaman Bagadaza da Alƙahira, zuwa zauren karatu na Boɗinga da Sifawa, zuwa ɗakunan bincike na Turai da Amurka. Daga nan za ta dawo kan hanyar Boɗinga zuwa Shagari domin ta auna abin da wannan fasaha za ta iya kawo wa mutanen wurin, da abin da za ta iya karɓewa daga gare su.

Ido a Hannun Magabata

Masanan Girka irin su Iƙlidis sun ɗauka cewa wani haske ne yake fita daga ido ya tafi ya taɓa abin da ake kallo. A ƙarni na tara Hunainu ɗan Ishaƙ ya tattara ilimin ido na zamaninsa cikin maƙaloli goma a Bagadaza. Bayansa Ammar mutumin Mausil ya ƙera allura mai rami a ciki wadda yake zuƙe yanar ido da ita. Amma wanda ya daidaita maganar gani shi ne Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra a wajajen shekarar 965, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira a farkon ƙarni na sha ɗaya. Ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne yake tasowa daga abu ya shigo ido.

Akwai wani bayani nasa da ya fi kusa da batunmu. Ibnul Haisam ya lura cewa mutum ba ya ganin duk abin da ke gabansa daidai wa daida. Abin da ya yi saiti da tsakiyar ido shi ake gani tangaran, na gefe kuwa dishi-dishi. Saboda haka ido yake yawo a kan abu, yana ɗaukar sa gaɓa-gaɓa, hankali kuma yana harhaɗawa. Ya bambanta kallon wucewa da kallon ƙurilla. Duk na'urar bibiyar ido ta yau a kan wannan lura aka gina ta, ko da maƙeranta ba su taɓa buɗe littafinsa ba.

Boɗinga da Sifawa: Daular da Ta Dogara ga Ido

Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya baro Gwandu ya zauna a Sifawa, wadda take cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga a yau, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙaninsa Malam Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga. Daga Sifawa ne a 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar daula tsakanin Abdullahi da Muhammadu Bello. A cikin waɗannan shekaru Abdullahi ya rubuta Tazyinul Waraƙati, ya kuma yi aikin babban tafsirinsa Diya'ut Ta'wili. Abin lura ne cewa da yawa daga littattafansa da kalmar diya'u, wato haske, ya fara sunayensu.

Daula ce da ake tafiyar da ita da takarda. Hukunci a rubuce yake, wasiƙa tsakanin Sakkwato da masarautu a rubuce take, ilimi kuma ba ya wucewa daga gari zuwa gari sai wani ya zauna ya kwafe littafi da hannu, harafi bayan harafi, da alƙalamin kara da tawada. Yawancin karatun dare a gaban wutar kara ko fitilar mai ake yin sa, a ƙasar da hunturu yake cika ido da ƙura. Malamin da idonsa ya mutu, ko da ya riƙe haddarsa, ya rasa ikon duba littafi da kwafe shi. Ciwon ido a irin wannan al'umma barazana ce ga ilimi da mulki baki ɗaya.

Ba abin mamaki ba ne ke nan da Muhammadu Bello, a cikin rubuce-rubucensa na likitanci, ya keɓe littafi sukutum ga ido, mai suna Masugul Lujaini, wanda aka fi sani da Ɗibbul Aini. Sarkin Musulmi da yaƙi da shari'a suka sha masa kai ya ga cewa lafiyar idon jama'arsa ta cancanci alƙalaminsa. Da Baturen nan Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin kyaututtukan da ya kawo akwai madubin hangen nesa da na'urar nuna jiha, kuma su ne suka fi jan hankalin Bello. Daga cikin abubuwan da ya nema a turo masa daga Ingila har da likita. Wannan halin na karɓar sabon kayan aiki tare da tambayar amfaninsa ga jama'a shi ne ma'aunin da za mu koma gare shi a ƙarshe.

Lokacin da Aka Fara Auna Motsin Ido

Shekaru ɗaruruwa ana ɗauka cewa idon mai karatu yana bin layi ne sumul kamar ruwa a kwari. A 1879 wani likitan ido na birnin Paris, Louis Émile Javal, ya bayyana abin da aka gano a ɗakin bincikensa: ido tsalle yake yi. Yana tsayawa ɗan lokaci, ya yi wuf ya dira gaba, wani lokaci ma ya koma baya. A wajen tsayuwar ne kawai ake ɗaukar rubutu, yayin tsallen kuwa kusan ba a ganin komai. Idon mutum yana yin irin wannan tsalle kimanin sau uku a kowace daƙiƙa, mai shi bai sani ba. Javal kansa daga baya ciwon hawan jinin ido ya makantar da shi, ya ƙarasa rayuwarsa yana rubutu kan yadda makaho zai tafiyar da harkokinsa.

Gano tsallen abu ne daban, auna shi kuma abu ne daban. A 1898 Edmund Huey na Amurka ya ƙera wani ɗan ƙoƙo na farar ƙasa mai huda a tsakiya, ana kashe zafin ido da magani a manna shi a kan ƙwayar idon, a haɗa shi da wani siririn tsinke da yake zana motsin a kan takarda mai baƙin hayaƙi. Hanya ce mai wahala da ba kowa zai yarda a yi masa ba. A 1901 Raymond Dodge da Thomas Cline suka kawo sauƙi: suka haska ido, suka ɗauki hoton ɗigon hasken da yake ƙyalli a tantanin gabansa. Tun da gaban ido a kumbure yake, duk juyawar da ya yi sai ɗigon ya gusa. Ba a ƙara bukatar taɓa idon ba. A 1935 Guy Buswell na Jami'ar Shikago ya yi amfani da irin wannan dabara ya wallafa littafi kan yadda mutane suke kallon hotuna.

Matsalar waɗannan na'urori ita ce dole a kafe kan mutum, wani lokaci har ya ciji wani abu don kada ya motsa. A 1948 Hartridge da Thomson a Ingila suka ƙera wadda ake ɗaurawa a ka, ta yadda duk inda kai ya juya tana biye da shi. Daga nan bibiyar ido ta fara fita daga kan teburi.

Binciken da ya fi kowane buɗe ido shi ne na Alfred Yarbus a Mosko, wanda littafinsa ya fito da Rashanci a 1965, aka fassara shi zuwa Turanci a 1967. Ya nuna wa mutum zanen Ilya Repin na wani baƙo da ya shigo ɗaki ba zato, ya sa shi ya kalle shi sau bakwai, minti uku-uku, yana sauya masa abin da ake so ya duba. Da aka ce ya kimanta shekarun mutanen, sai idonsa ya tare a fuskoki. Da aka ce ya kimanta arzikin gidan, sai ya koma kan tufafi da kayan ɗaki. Hoto ɗaya ne, ido ɗaya ne, amma sawun ya bambanta gwargwadon abin da ke cikin zuciya. Yarbus ya tabbatar da awo abin da karin maganarmu ta daɗe tana faɗa, ya kuma nuna, ba tare da ya nufa ba, cewa wanda ya mallaki sawun idonka ya leƙa tunaninka.

Akwai wani sakamako da ya shafe mu kai tsaye. Bincike ya nuna cewa mai karanta boko yana tsinkayar haruffa da yawa ta dama da inda idonsa ya tsaya, mai karanta Larabci kuwa ta hagu. Ke nan yaron Boɗinga da yake ɗaukar allo da asuba, ya ɗauki littafin boko da hantsi, idonsa ya koyi tafiya biyu masu saɓa wa juna, yana kuma sauya su kullum ba tare da an koya masa ba.

Haɗuwar Allo da Mai Gadin Ido

Tarihin allon da ake ɗaurawa a ka ta wata hanya dabam ya biyo. A 1968 Ivan Sutherland ya nuna irinsa na farko mai aiki da kwamfuta a Amurka, wanda aka haɗa da wani hannun ƙarfe da yake saukowa daga rufin ɗaki domin auna juyawar kai. Kai kawai yake bi, bai san abin da ido yake yi ba. Sai da kyamara ta ƙanƙance, kwamfuta ta yi sauri, sannan hanyoyin biyu suka haɗu. An kafa kamfanin Tobii a Suwidin a 2001 domin wannan sana'a. A 2016 Facebook ya sayi The Eye Tribe na ƙasar Denmak, Google ya sayi Eyefluence, a 2017 kuma Apple ya sayi SMI na Jamus. Manyan kamfanoni ba sa rububin abin banza. Bayan haka aka ga Vive Pro Eye a 2019, Quest Pro a 2022, PlayStation VR2 a 2023, sai Vision Pro a watan Fabrairun 2024.

Yadda abin yake aiki ba shi da nisa da dabarar 1901. A kewayen gilashin tabarau akwai ƙananan fitilu masu fitar da irin hasken da rimot ɗin talabijin yake aikawa, wanda ido ba ya ganinsa. Hasken yana yin ɗige-ɗige a tantanin gaban ido. Ƙananan kyamarori a ciki suna ɗaukar hoton idon, a wasu na'urorin har sau 120 a daƙiƙa ɗaya. Manhaja tana nemo ƙofar nan ta tsakiyar baƙin ido inda haske yake shiga, ta auna tazararta da ɗige-ɗigen, daga nan ta lissafa inda ake kallo. Kafin a fara, akan sa mutum ya kalli wasu alamomi ɗaya bayan ɗaya domin na'urar ta koyi ƙirar idonsa, tun da babu ido biyu da suke daidai.

Amfanin farko na tattalin aiki ne. Wurin da mutum yake gani tangaran bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan aka miƙe hannu. Idan kwamfuta ta san inda ido yake, sai ta ƙawata wannan ɗan wuri, ta sassauta wa sauran, mai kallo kuma ba zai lura ba. Maganar Ibnul Haisam ce ta zama dabarar injiniya bayan shekara dubu. Amfani na biyu shi ne ido ya zama yatsa: a Vision Pro kallon abu shi ne nuna shi. Tun kafin haka ma, masu ciwon da ya shanye jiki gaba ɗaya suna rubutu da magana ta hanyar kallon haruffa a allo.

Komawa Kan Hanyar Boɗinga Zuwa Shagari

Kayan gani na farko da aka ɗora a fuska shi ne tabarau na karatu, wanda ya bayyana a Italiya a ƙarshen ƙarni na sha uku. A ƙasar nan kuwa da wuya a sami tabarau da jama'a suka sani kamar na Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, ya koyar da kimiyya a Makarantar Midil ta Sakkwato, ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a 2018. Doguwar hula da tabarau su ne kamanninsa a zukatan mutane. Sai dai a ƙauyukan da suke kewaye da mahaifarsa, wannan ɗan gilashi mai shekara ɗari bakwai har yanzu bai kai ga kowane dattijon da yake bukatarsa ba.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce babban dalili. Ya kuma gano cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka yi wa aikin yana, ta hanyar gargajiya aka yi, wato a soka tsinke a ture yanar ta faɗa cikin ido, kuma mafi yawansu ba su rabu da makanta ba. Ga kuma amodari, wanda ƙuda da ƙarancin ruwa suke yaɗawa, har gashin ido ya juya ciki yana gogar tantanin gaba ya bar masa tabo. Asibitin Ido na ECWA a Kano yana aiki tun 1943, Jihar Sakkwato kuma ta fara shirin kula da ido tare da ƙungiyar Sightsavers a 2005. Ma'aikatan da suke shiga ƙauyuka neman amodari sukan ɗaura wani gilashin ƙara girma a goshi kafin su juya fatar idon yaro. Wannan shi ne kayan gani na ɗaurawa a ka da ya fi yi wa talakan wannan yanki aiki.

A nan sabuwar fasahar take da alƙawari na gaske. Hawan jinin ido ɓarawo ne, daga gefe yake fara cin gani, mutum ba ya lura sai ya yi nisa, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Na'urar da ake auna faɗin gani da ita babba ce mai tsada, sai a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Yanzu ana yin wannan awo da tabarau mai allo da zai shiga jaka, kyamarorinsa kuma suna tabbatar da cewa majinyaci bai kawar da ido daga inda aka ce ya kalla ba. Ma'aikacin lafiya ɗaya a kan babur zai iya kai irin wannan awo ranar kasuwa, ya tsamo waɗanda ya kamata a tura Sakkwato tun da sauran gani.

Amma akwai shinge uku. Na farko kuɗi: dala 3,499 aka sa wa Vision Pro ranar fitowarsa, ga bukatar wuta da intanet. Na biyu ƙira. Na'urar tana aiki ne idan tantanin gaban ido garau yake, fatar ido kuma a buɗe. Tabon amodari yana watsa ɗigon hasken da take dogara da shi. Masu bincike sun daɗe da sanin cewa baƙin kwalliyar gashin ido yana rikita kyamara, har sukan roƙi a goge shi kafin gwaji, mu kuwa kwalli ado ne na mata da yara har da dattawa. Idan ba a gwada na'urar a kan idanun mutanenmu ba, waɗanda suka fi bukatarta su ne za ta fi kasa karantawa.

Shinge na uku ya fi zurfi, domin ya taɓa kunya. A tarbiyyar Bahaushe yaro ba ya haɗa ido da babba, suruki yana sunkuyar da kai, ɗalibi yana kallon ƙasa a gaban malaminsa. Kawar da ido a wurinmu ladabi ne. Manhajar da aka gina bisa fahimtar cewa kallo shi ne mai da hankali za ta iya rubuta yaron Shagari mai ladabi a matsayin mara kula, idan aka kawo ta aji ba tare da gyara ba. Bayan haka, kawar da ido shi ne garkuwar da mutum yake ɓoye abin da ke ransa da ita. Wanda ya ɗaura tabarau mai kyamara a ciki ya ajiye wannan garkuwa, domin inda idonsa ya daɗe, da yadda ƙofarsa ta buɗe, duk ana iya adanawa. Zanen baƙin ido kuma shaida ce kamar zanen yatsa, har Vision Pro da shi yake gane mai shi. A watan Agustan 2023 gwamnatin Kenya ta dakatar da kamfanin Worldcoin bayan jama'a sun yi dogon layi suna ba da hoton idonsu domin a ba su kuɗin intanet. A shekarar ce Nijeriya ta kafa Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta sa bayanan halittar jiki cikin masu bukatar kulawa ta musamman. Sai dai doka a takarda ba ta kare wanda bai san da ita ba, kuma takardar yarda da aka rubuta da Turanci ba yarda ba ce ga wanda ba ya jin sa.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa tambayar ta sauya hannu. Hunainu da Ammar da Muhammadu Bello sun dubi ido domin su warkar da shi. Javal da Yarbus sun dube shi domin su fahimce shi. Kamfanonin yau suna duban sa domin su yi masa hidima, su kuma ci riba da abin da yake faɗa. Duka ukun suna nan cikin tabarau ɗaya, kuma wanda ya riƙe shi ne zai zaɓi wanda zai rinjaya.

Abin da ya rage ga jikokin malaman Boɗinga da Sifawa shi ne su shiga maganar tun ba a gama ta ba. Likitocin ido da masana kwamfuta na jami'o'inmu su gwada waɗannan na'urori a kan idanu masu tabo da masu kwalli. A fassara sharuɗɗan yarda zuwa Hausa da Fulatanci, da boko da ajami. Hukumomi kuma su jera bukatu bisa tsari: ruwan wanke fuska, tabarau na karatu, aikin yana a asibiti, sannan awo na zamani. Bello ya karɓi madubin hangen nesa da sha'awa, amma likita ya nema. Duk wanda ya zo da tabarau mai allo ƙofar Boɗinga ko Shagari, a tarbe shi hannu bibbiyu, sannan a tambaye shi idon wa zai warkar, kuma a hannun wa labarin idon zai kwana.